Turken Macen Giginya

Ya 'yan uwa, ku matso ku ji.

An yi wani mutum a zangon Sokode, ƙasar Togo, kafinta ne mai hannu, sai dai son girma ya yi masa katutu. Zamanin babban yaƙin Turawa, sojan Faransa masu aikin gada suka tafi da shi kogin Oti, inda za su kafa jirgin fito saboda motocin da ke sauko da hatsi daga Dapaong. Jirgin igiyar ƙarfe yake bi, igiyar kuwa a jikin turke take ɗaure a bakin gaɓa. In turke ya saki, kowa ya tafi.

Lajidan, babban sojan aikin, ya ce namijin giginya za a saro, in an kafa kafin ruwa ya kawo zai ba kafinta muƙamin kapural, wato kofur. Namijin giginya tauri gare shi har ciki. Mace kuwa bayanta ne kawai, cikinta kamar soso. To mazan suna can cikin daji da nisa, matan ga su nan birjik a bakin ruwa. Mutumin nan ya faki ido ya kayar da mace, ya shafe bakin saran da kwalta, ya kafa.

Baba Karimu, tsohon da ke tuƙa jirgin, ya dafa turken ya ce, "Ɗana, namiji ne dai ko?"

Ya ce, "Wallahi namiji ne, Baba."

Subhanallahi! Duk don ɗan jan ƙyalle a hannun riga! Aka kuwa ba shi kapural ɗin, aka ɗinka masa ƙyallen.

Damina ta nutsa, Oti ya cika ya batse. Duk sa'ad da jirgi ya tashi sai turke ya yi ƙara, gaban kapural ya faɗi. Tsoro ya hana shi cin abinci. Ya sha zuwa ƙofar lajidan da niyyar faɗin gaskiya, sai ya dubi ƙyallensa, ya sara masa, ya juyo.

Rannan bayan azahar kamiyo, wato babbar motar kaya, ya iso daga Dapaong, leburori zaune reras kan buhunan gero. Ana tura motar cikin jirgi, kapural yana tsaye gindin turke, yana ganin tsaga ta fito a jikinsa. Me zai ci masa ya ce a dakata? Sai ya dubi ƙyallensa. Baba Karimu ya ɗaga masa hannu, jirgi ya tashi.

Suna kaiwa tsakiya ruwa ya fizgi igiya. Turke ya karye ƙaras, ruɓaɓɓen cikinsa a fili kowa na gani. Jirgi ya juya, kamiyo ya zame da mutane. Kaɗan aka tsamo, babu Baba Karimu a ciki.

Aka tuɓe kafintan daga muƙaminsa, aka ɗaure shi. Da ya fito ya koma Sokode, hankalinsa bai koma ba. Ko buta ya ɗauka zai yi alwala, ruwa na taɓa hannunsa sai ya kurma ihu, wai ana jan sa. Haka ya mutu, bai sake wanke fuskarsa don salla ba.

Ya 'yan uwa, ha'inci ya yi, ya rufe da rantsuwa, aka ba shi lokacin tuba har ƙarshe ya zaɓi ƙyalle. Kai da aka ba amanar aiki, me ka shafe da kwalta? Je ka tone shi yau.

Allah ya kiyaye mu, ya ba mu ikon faɗin gaskiya tun jirgi yana gaɓa. Amin.