Gyalen Godiyar Keziya

Ku gyara zama, masu latse-latsen waya kuma ku kife su tukuna. Shari'a na kawo muku yau, ba kuma wanda zai tashi sai an yanke ta.

A wani gari na tudun Filato, inda rabin mutane ke ci daga ramin kuza, an yi wata malamar firamare mai suna Keziya, matar wani manomin dankali da ake kira Habila. Wata damina rami ya rufta da samarin garin, har da ƙanen Habila. Aka tono su aka binne, Fasto ya yi addu'a, liman ya yi tasa, kowa ya koma gida. Amma garin bai koma daidai ba. Iyaye mata suka rame a tsaye, maza suka kama shan burkutu tun da hantsi, yaran ajin Keziya kuwa ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai su zabura. Abin da kowa ya iya faɗa shi ne a yi haƙuri, ita kuwa ta ga haƙurin nan ya fi ƙarfin mutane. Sai ta ji labarin wata jami'ar Kirista can nesa, mai koyar da ilimin ba da shawara da kwantar da hankali ta intanet, har mutum ya samu digiri yana zaune a garinsu. Ta nemo kwamfuta ta shiga. Gari ya kwashe da dariya, wai digiri a cikin waya sai ka ce saƙon gaisuwa.

To, mutum uku ne suka ɗauke ta a wannan tafiya, ku saurara da kyau.

Na farko mijinta. Karatu lokaci yake ci, mace mai koyarwa kuma mai goyo kuwa ina ta ga lokaci? Habila bai yi shawara da kowa ba, ya ɗauki jarka ya bi layin mata a bakin famfo. Ya koyi daka, ya koyi tuƙa tuwo, ko da yake tuwonsa na farko har kare sai da ya sunsuna ya yi tunani. Ya goya 'yarsu Tabita ya tafi da ita gona. Abokansa suka sa masa suna mijin-ta-ce, in ya zo wucewa su tambaye shi ko uwargida ta ba shi izinin fita. Ya haɗiye. Da Keziya ta faɗi wata jarrabawa, ta naɗe kwamfutar a zane ta tura ƙarƙashin gado ta ce ta haƙura, shi ne ya jawo ta ya ɗora mata a cinya.

Ya ce, "Maman Tabita, na sha dariyar garin nan a bakin famfo. Ba za ki sa in sha ta a banza ba. Buɗe."

Ta buɗe. Da ba don shi ba, da karatun ya mutu a ƙarƙashin gado.

Ta biyu aminiyarta Balaraba, tela, Musulma, wadda suka taso tare tun suna tallar gyaɗa. A duk garin, shagonta da ke kan tudun kasuwa ne kaɗai sabis ke zama, kuma tana da 'yar sola. Sai dai solar ba ta iya ɗaukar keken ɗinki da kwamfuta a lokaci guda. Saboda haka duk sa'ad da darasi ya zo, Balaraba takan kashe kekenta ta koma ɗinkin hannu, ko da a makon Sallah ne kaya sun taru har rufi. Darasin kuma da addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki ake buɗe shi, a cikin shagonta, masu wucewa suna ji. Nata mutanen suka yi ta magana, wasu suka zo suka kwashe yadinsu. Matan coci ma ba su bar Keziya ba, wai ta rasa inda za ta yi karatun Allah sai can. Wata gwaggonta ta tare Balaraba da faɗa, ta amsa mata a taƙaice.

"Gwaggo, autanmu ma yana cikin ramin nan, ramin kuma bai tambaye shi addininsa ba."

Ranar babbar jarrabawa hadari ya taso, iska ta yaye rabin rufin shagon. Leda ɗaya ce a shagon, wadda ake rufe keke da ita. Balaraba ta fizge ta ta lulluɓe Keziya da kwamfutarta, ta tsaya tana riƙe da bakin ledar har aka gama, ruwa kuwa ya yi wa keken dukan da bai ƙara tashi ba. Da ba don ita ba, da ko darasi ɗaya bai shigo garin ba.

Na uku surukinta, Baba Zakka, mahaifin Habila, dattijon ikilisiya, mutumin da ko a jana'izar ɗansa ba a ga hawayensa ba. A shekarar ƙarshe jami'a ta ce dole ɗalibi ya zauna da masu damuwa na gaske, da yardarsu, malama tana sauraro ta kwamfuta. In babu wannan, babu digiri. Keziya ta bi gida gida, kowa ya rufe mata ƙofa. Wa zai kwance cikinsa gaban yarinyar da ta taso a gabansa jiya-jiya, har baƙuwa tana ji daga wata ƙasa? Lokaci ya yi ta ƙurewa, Keziya ta rasa inda za ta sa kanta.

Ku kuwa kun san surukuta. Keziya ba ta taɓa kiran sunan tsohon nan ba, ba ta taɓa duban ƙwayar idonsa ba, a durƙushe take gaishe shi. Sai ga shi wata safiya ya hau tudun kasuwa da sandarsa, ya shiga shagon tela, ya ja kujera ya zauna. Keziya ta zube ƙasa.

Ya ce, "Tashi, 'yata. An ce aikin nan kujera da kujera ake yin sa. Hau ki tambaye ni."

Ta hau. Ta tambaya, sai ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba: shi ne ya tashi ɗan nasa da safen da rami ya rufta, ya ce masa raggo, ya kora shi rami. Tsoho ya yi kuka a gaban matar ɗansa har rigarsa ta jiƙe.

Sai ga inda aka yi kuskure. Malamar jami'a, ita ma tana share ido, ta ce ba a lissafa zama da ɗan gida, dokar aikin ce. Wato tsoho ya zubar da girmansa a banza ke nan. Da wani ne, da ya shige ɗaki ya rufe. Baba Zakka kuwa ran Lahadi ana tsakiyar sujada ya miƙe ya ce, "Jama'a, ni Zakka na yi kuka a gaban surukata, kuma tun da rami ya rufta ban yi barci irin na makon nan ba. Wanda ya fi ni girman kai ya ci gaba da zama da nasa." Kafin mako ya zagayo, mutane na jiran layi a ƙofar shagon Balaraba, Kirista da Musulmi. Da ba don shi ba, da an gama karatu babu digiri.

Keziya ta gama, kuma da sakamakon da ya sa aka kira sunanta da na garinsu a bikin yaye ɗalibai, gari ya taru a kasuwa yana kallo a kwamfuta ana guɗa. Masu dariyar jiya su ne suka fi kowa cewa 'yarmu ce. Ni kaina da nake ba ku labarin nan, in na tuna sai in ji kaina ya ƙara girma.

Jami'ar tana da wata al'ada. Tare da takardar digiri takan aiko da wani siririn gyale shuɗi mai zaren zinariya, ana ce masa gyalen godiya. Ɗalibi zai rataya shi a wuyan mutum ɗaya, wanda ya fi kowa ɗaukarsa, a gaban jama'a. Aka sa ranar sujadar godiya. Coci ya cika har tagogi. Habila na gaba da sabuwar riga, Tabita a cinyarsa. Baba Zakka na kujerar dattawa, haɓa a kan sanda. Balaraba, wadda ba ta taɓa taka cocin ba, ta zo da mayafinta ta zauna a bencin ƙarshe.

Tun kafin ranar an nemi hanyar zillewa. Wani ya ce a raba gyalen uku, Balaraba ta ce ita tela ce, abin da aka yanka uku tsumma ne ba gyale ba. Wata ta ce a ajiye shi a kan bagade a ce na Allah ne, Fasto ya ce Allah ya riga ya karɓi tasa godiyar, wannan ta mutane ce. Keziya ta ce to ta riƙe abinta, su ukun suka ce ba su yarda ba, ba kuma wanda ya ce a ba shi.

Aka kira ta. Ta fito da gyalen a hannu biyu, ta tsaya a tsakiyar coci. Ta dubi mutumin da ya ba da mazantakarsa aka yi ta wasa da ita a bakin famfo. Ta dubi matar da ta ba da sana'arta da sunanta a cikin danginta. Ta dubi tsohon da ya sauke girman shekarunsa ya ajiye a gaban ƙafarta. Ta san duk wuyan da ta nufa, akwai biyu da za su ga bayanta, kuma da su za ta ƙare rayuwarta. Masu ganga suka ɗaga hannu suna jira.

A nan na tsaya, gyalen yanzu a hannunku yake. Tsakanin Habila da Balaraba da Baba Zakka, a wuyan wa za ku rataya shi, kuma da wane ido za ku dubi sauran biyun?