Matakalar Benen Alhaji Zayyad

Alhaji Zayyad ɗan kasuwar hatsi da taki ne a Gwarzo, kuma maganar gaskiya mutum ne mai kyauta. Aibinsa guda ɗaya: ba ya tambaya. In ya tashi taimakonka, shi zai yanke abin da kake buƙata, kai naka godiya kawai. Ka kuskura ka ce da an yi kaza, to ka zama butulu.

A bakin kasuwa, gindin wata darbejiya, akwai masu ɗinkin hannu su bakwai, kowannensu da nakasarsa. Babbansu Malam Lukuman, mutumin Gude ta ƙasar Kabo, wanda shan-inna ya shanye masa ƙafafu tun yana yaye. Da hannuwa yake tafiya, ya zura su cikin silifa, kuma da hannuwan nan yake ciyar da mata da 'ya'ya biyar. In ya ɗora wa babbar riga adon aska takwas, sai ka juya bayan ɗinkin ka rasa inda ya ƙulla zare. Shi ya koya wa sauran shidan.

Wata rana ruwa ya ɓarke, Alhaji ya gan su suna jan jiki suna ɓoye shaddar mutane a ƙirji. Tausayi ya kama shi, ya yi musu alkawarin wurin aiki. Bai nemi shawarar kowa ba, ya gyara saman benensa. Aka yi fenti, aka ɗaura fanka, aka shimfiɗa tayil mai sheƙi har kan matakala, su ashirin da biyu. Ikon Allah, guragu biyar cikin bakwai, amma bene!

Malam Lukuman ya je ya same shi. Bayan doguwar gaisuwa da godiya ya ce, "Alhaji, da za a ba mu ɗakin ƙasa, ko rabinsa ne, ya ishe mu."

Ɗakin ƙasan kuwa buhunan taki ne a ciki. Alhaji ya haɗe rai ya ce, "Baƙi za su zo daga Kano, Malam Lukuman. In nuna musu ku a sito?" Malam ya ba da haƙuri, ya koma gindin darbejiya.

Ranar buɗewa aka wanke matakala da ruwan sabulu tun da safe. Baƙi suka hau suka zauna, masu ɗinki kuwa suna ƙasa suna kallon sama. Alhaji ya aiko a ce su yi sauri, ana jiransu. Aka ce a goya su. Malam Lukuman, mutum mai furfura a gemu, ya ce ba za a goya shi gaban almajiransa ba. Ya rataya jakarsa a wuya. A ciki akwai rigar da ya yi wata huɗu yana ɗinka wa Alhaji don tukwici, yana so ya nuna wa baƙi ko da bai gama ta ba. Ya zura hannuwa cikin silifa ya fara hawa.

A matakala ta goma sha bakwai silifar ta zame.

Alhaji yana tsakiyar jawabi ya ji ƙarar, sannan ya ji salati. Ya fito da gudu. Ga Malam Lukuman a ƙasa, hannunsa ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasawa. Bai yi ihu ba. Ya dai ƙura wa hannun ido, ya ɗago ya ce, "Alhaji, na dama ne."

Nan take Alhaji ya sa aka ɗauki Malam Lukuman. Ya kai shi asibiti Kano, ya tsaya a kan komai. Ƙashi ya haɗe, amma babban yatsa da manuni suka ƙi haɗuwa. Allura ta gagari hannun da ya yi shekara talatin yana riƙe ta.

Washegarin faɗuwar Malam Lukuman, Alhaji ya sa a kwashe takin. 'Yan dako huɗu suka gama kafin azahar. Ya tsaya cikin ɗakin da babu komai, ya riƙe baki, hawaye na zuba. Ashe aikin rabin yini ne kawai aka roƙe shi.

Yanzu masu ɗinkin suna ɗakin ƙasa, Malam Lukuman yana koyarwa da baki. Rigar kuwa ya aika wa Alhaji da ita yadda take, allura soke a aska ta biyar, ya ce a ba wani ya ƙarasa. Alhaji ya kasa ba kowa, kuma ya kasa zare allurar.

Darasin labarin nan shi ne, kyakkyawar niyya ba ta isa ba in babu saurare. Mai nakasa ya fi kowa sanin abin da jikinsa zai iya da abin da sana'arsa take buƙata. In za ka taimake shi, zauna ka tambaye shi tukuna, kuma ka yi aiki da amsar da ya ba ka. Taimakon da aka yi don baƙi su gani yana iya raba mutum da abincinsa har abada.