Moso-Moso, Mai Garuwan Boukoki

Akwai wani mai garuwa a unguwar Boukoki ta Yamai, sunansa Harouna. Kowa Moso-Moso yake ce masa, wato sannu-sannu da Zabarmanci, don ko gobara ake yi ba ya ɗaga ƙafa. Shekara ashirin yana tura kura mai bido goma, wato jarkokin ruwa, cikin rairayi.

Abu ɗaya ke ci masa rai. Ɗiyarsa Huda, tun da ta shiga lise, wato babbar sakandare, in ta hango shi tana tare da ƙawayenta sai ta sunkuyar da kai ta tsallake titi. Bai taɓa yi mata faɗa ba, amma abin yana yi masa ciwo ƙwarai.

Da aka sanar da gasar gudun kilomita ashirin da ɗaya, Harouna ya ji cewa ƴan makarantar su Huda ne za su raba ruwa a wurin ƙarewa. Sai ya je rubuta sunansa. A layi ya haɗu da Abdulhakim, wani ma'aikacin biro, wato ofis, da yake kai wa ruwa, sanye da takalmin da aka aiko masa daga waje.

"Moso-Moso, ruwa ka kawo mana?" in ji Abdulhakim.

"Gudu na zo yi, patron."

"To ka taho da kurar, in ka faɗi a kwaso ka a ciki."

Aka bushe da dariya. Harouna ya karɓi lambarsa ya tafi.

Ranar gasa an yi ruwa da asuba, sannan rana ta fito da fushinta. Kwalta na tururi, iska ta ɗauke, gumi ya ƙi bushewa a jiki. Ana busa usur Abdulhakim ya zabura kamar akuyar da ta tsinke igiya.

Shi kuwa Harouna taku gajere yake yi, da jiƙaƙƙen tsumma a ƙeya, yadda yake yi kullum a bakin aiki. In an miƙa masa ruwa sai ya kurɓi kaɗan, sauran ya zuba wa tsumman. Mai garuwa ya san wanda ya kwankwaɗi ruwan sanyi cikin irin wannan zafi, cikinsa ne zai murɗe.

Lokacin da ƴan gudun suka tsallaka gadar kogi zuwa Lamordé yana can baya. A dawowa fa labari ya sha bamban, ya dinga wuce su ɗaya bayan ɗaya.

A tsakiyar gada ya tarar da Abdulhakim riƙe da ƙarfen gadar yana amai. Harouna ya tsaya. Ya zaunar da shi, ya cire tsummansa ya ɗora masa a ƙeya, ya ɗaga wa motar asibiti hannu. Yana nan tsaye mutum biyu sa'anninsa suka wuce.

"Tafi, sun wuce ka," in ji Abdulhakim da ƙyar.

"Moso-moso, patron. In an ba ka ruwa, kurɓa kaɗan-kaɗan."

Sai da likita ya iso sannan ya ci gaba. Daga bakin kogi zuwa cikin gari hawa ne, kuma nan ƙafafun mutanen biyu suka mutu. Hawa kuwa abincin Harouna ne, balle yau da ba bido goma a gabansa. Ranar ce aka fara ganin Moso-Moso ya ɗaga ƙafa. Ya kamo na farko, ya kamo na biyu, ya shigo na ɗaya a rukunin waɗanda suka haura shekara arba'in.

Mai lasifika ya shiga laluben takarda. "Lamba ɗari biyu da shida, wane ne wannan bawan Allah?"

Huda ta saki ledar ruwan da ke hannunta, a gaban ƙawayenta da malamansu. "Babana ne! Mai garuwan Boukoki ne, babana ne!"

Ta rugo ta rungume shi da guminsa da komai. An rataya masa lambar yabo, an tafa, amma Harouna bai ko dubi lambar yabon ba. Hannun ɗiyarsa ya riƙe, hawaye na zuba, har suka isa gida.

Darasi: Kada ka raina mutum don sana'arsa, ba ka san abin da ta koya masa ba. Wanda ya tsaya ya ɗaga ɗan'uwansa bai makara ba. Ku kuma ƴaƴa, guminsu ne ya kai ku inda kuke, ku yi alfahari da iyayenku tun suna raye. Ku tura wa wasu su ma su amfana.