Tasalla a Bayan Nomau

Kai Cindo, rufe mini baki. Yaron da bai iya ɗaure tazugen wandonsa ba, shi ne zai tambaye ni don me kawunsa bai cire hoton mutumin nan daga ƙofar shago ba? Wai rediyo ta ce ɓarawo ne. Kawun naka kurma ne? Ya ji tun kafin ka ji. Ni ban taɓa zama a aji ba, amma na ga zaɓe ya zo ya wuce har idona ya gaji. Ku matso, bayana ciwo yake, ba zan ɗaga murya ba. To, ga ta nan, ga ta nanku.

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Wani gari ne, rafi ya raba shi biyu. Masu hali suna cikin gari, talakawa suna ƙetare. A garin nan ba mai iya nome gonarsa shi kaɗai, sai da gayya. Sarkin gayya shi ke cewa yau gonar wane za a shiga, gobe ta wane. Wanda aka zo wa da wuri ya ci tuwo. Wanda aka bari a baya, ciyawa ta cinye masa gero.

Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, sai a taru a gindin tsamiya. Mai son sarautar ya kafa garmarsa a ƙasa, masu sonsa su jeru a bayansa. Wanda layinsa ya fi tsawo shi ne sarki. Ba ɓoyo. Kowa na ganin ƙeyar kowa.

Mutum biyu ke nema. Akwai Arzika, ɗan cikin gari, mai gaskiya, ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba. Sai dai ƙafarsa ba ta san ruwan rafin nan ba. In zai ambaci 'yan ƙetare sai ya ce "mutanen can". Akwai kuma Nomau. Ga ƙarya, ga zagi. In an yanka akuyar gayya, cinyoyin a gidansa za su kwana.

To a ƙetare akwai wata mata, Tasalla, mai gona ɗaya da ƙananan yara. Ranar da mijinta ya rasu rafi ya cika ya batse, maƙabarta kuwa tana cikin gari. Maza suka tsaya suna kallon ruwa, suna cewa a bari ya janye. Sai Nomau ya tuɓe riga ya ce, "Ragwayen banza! Gawa za ta kwana saboda ku?" Sai ya kama kan makara. Sai kunya ta sa wasu suka kama. Ruwa har wuya suka haye.

Da ranar tsamiya ta zo, sai Tasalla ta tsaya a bayan Nomau. Ƙanwarta Gwamma, mai aure a cikin gari, ta jawo ta gefe.

"Yaya, ɓarawo ne fa."

"Na sani."

"Kin sani kike binsa?"

"Ranar da na rasa mai ɗaukar gawa, ina mai gaskiyar naku yake?"

Sai Nomau ya ci. Gayya ta zo wa Tasalla a makare, amma ta zo. Nomau ya zauna a ƙasa, ya sa hannu a tuwonta da miyar kuka, ya kira yaranta kowa da sunansa. Da kaka ta yi, gero ya kai rabin rumbu.

Shekara ta zagayo, sai ta sake tsayawa a bayansa. Ya ce mata ita ce ta uku a gayya. Ranar ta dama kunu, ta tuƙa tuwo, ta zauna jira. Sai ta ji gangar gayya tana nisa, tana nisa. Ashe ya kwashe mutane ya kai gonar surukinsa. Tuwo ya kwana, ya yi tsami.

Sai ga Gwamma da sassafe.

"Yaya, yanzu fa? Kin gani?"

"Ban ga komai ba. Sharrin 'yan cikin gari ne."

"Gangar ma sharri ce? Ba da kunnenki kika ji ba?"

"Fita mini daga gida."

Ta kore ta. Gwamma ta haihu, Tasalla ba ta je suna ba. Duk inda aka zagi Nomau, a rijiya ko a kasuwa, ita ke tare masa, har muryarta ta dishe. Geron shekarar bai kai bazara ba. Yara suka koma cin tafasa.

Ana gobe tsamiya ta uku, sai ga Nomau da goro a hannu.

"Uwar marayu! Bana gonarki ce farko."

"Bara ma alkawari ka yi."

"Bara ai ta wuce, ke ma kin cika riƙo."

Ya ajiye goro ya tafi. Ta dubi goro, ta dubi wuyan autanta da ya zama kamar sillen kara. Sai matan ƙetare suka shigo, suka ce, "Tasalla, mun gaji. Amma ke ce bakinmu. In kin motsa mun motsa." Ta ce, "Allah ya kai mu."

Gari ya waye, aka kafa garma biyu. Sai Tasalla ta ɗaure zane, ta wuce layin Nomau, ta nufi na Arzika. Matan ƙetare suka fara gyara goyo za su bi ta.

Saura kaɗan ta isa, sai Gwamma ta rangaɗa guɗa.

"Ayyururui! Jakar Nomau ta tsinke igiya! Yunwa ta koya wa Yaya hankali!"

Sai layi ya kwashe da dariya. Arzika bai yi dariya ba, gaskiya a faɗe ta. Amma bai hana ba. Ya juya ga na kusa da shi ya ce, "Wace ce wannan?"

Tasalla ta ji. Sai ta tsaya. Sai ta sunkuya kamar mai cire ƙaya a ƙafa. Ta daɗe a sunkuye. Da ta miƙe, sai ta juya, ta koma bayan Nomau ta tsaya, idonta a ƙasa. Matan ƙetare suka ga haka, ba wadda ta ɗaga ƙafa. Sai Nomau ya ci. Ko waiwayowa bai yi ba.

Shekarar nan gayya ba ta zo wa Tasalla ba sam. Ita da yaranta suka yi ta fama da hauya, su nome nan, can ya rufe. Abin da ta girbe, jaki ɗaya ya kwashe shi a tafiya guda. Gwamma ta aiko da ƙwaryar gero. Tasalla ta karɓa, don yara ba sa cin zuciya su ƙoshi. Amma ba ta ce an gode ba.

"Kaka, shekara ta huɗu fa?"

Nomau ne dai. Wa kuke tsammani?

Ƙurunƙus, kan kusu ya faɗa toka. Nomau ɓarawo ne, ban wanke shi ba. Tasalla kuma taurin kai ya bar 'ya'yanta da yunwa. Amma ɗan Adam yana haɗiye yunwa, ba ya haɗiye dariya. In kun ga mutum ya kamo hanyar dawowa, ku matsa masa wuri ku yi shiru.

Ya isa. Lantana, rufe akurkin kaji, ki shigo mini da tabarma. Sauran kowa ya wanke ƙafa ya kwanta. Wanda na sake jin bakinsa, shi zai ɗebo ruwan safe.