Shuɗin Furen Lambun Sarki

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, a birnin Tsamiyar Dutse, an yi wani sarki mai suna Barmo, wanda baƙin ciki ya rufe fadarsa. 'Yarsa tilo, Gimbiya Kilishi, ta sha kunun da aka jefa wa wani shuɗin fure mai ƙamshi, ta faɗi ba ta ko motsi. Sarki ya sa aka ɗaure mai dafa abincin fada, Ɗanjuma, ya ce ran Juma'a za a sare kansa.

Uwar Ɗanjuma, Iya Dela, mijinta ya daɗe da rasuwa. Kayan ƙamshi take sayarwa, da hanci take gane na ƙwarai, kuma ba a taɓa yi mata wayo a ciniki ba. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta ɗaura ɗamara ta nufi tsohuwar rijiyar lambun sarki, inda aljanar da ke gadin tsirrai take.

Aljana ta ce, "Ya ke tsohuwa, ina da gaskiya, ina da magani. Farashinsu idanunki biyu."

Dela ta ce, "Haba, baiwar Allah! Da me zan ga ɗana in an sake shi? Rage."

"Ido ɗaya."

"Albarka."

Suka yi ta ja har la'asar, aka daidaita a kan Dela za ta ba da jin ƙamshin hancinta.

Aljana ta ce, "Furen nan ba guba ba ne, ana cin sa in an sa kaɗan. Amma wanda aka shuka don ado, mai lambu na yayyafa masa ruwan tunfafiya saboda ƙwari. Shi ɗanki ya tsinka, ko wankewa bai yi ba." Ta miƙo raɓa a cikin ɗan ƙoƙo, ta shafi hancin Dela.

Dela ta kai raɓar fada, ta faɗa wa sarki abin da aljana ta ce. Aka ɗiga wa gimbiya raɓar, ta buɗe ido. Sarki ya saki Ɗanjuma, ya yi shela cewa daga yau a raba lambun ado da lambun tukunya. Da Kilishi ta warke, ta ce ɗan matar nan take so, aka ɗaura aure.

Ranar biki mata suka kewaye tukwane suna cewa, "Iya, kin ji ƙamshi kuwa?"

Dela ta sunkuya, tururi ya bugi fuskarta, ba ta ji komai ba. Ta miƙe, ta gyara mayafi.

Ta ce, "Ba laifi. Ku dai wanke ganyen."