Turmin Da Ba A Zuba Masa Hatsi

Dalilin da ya sa kuke ganin turmi shi kaɗai a kan dutsen Zangaru, ba a zuba masa ko ƙwayar gero, to ku matso ku ji.

Garin nan namu, Kwarin Ɗinya, kun dai san shi. Duwatsu sun sa shi a tsakiya, rana ba ta leƙo mu sai hantsi. Rafinmu kuwa munafuki ne. Sai a sheƙa ruwa can bayan dutse, mu nan rana tsaka, kafin ka ankara ambaliya ta gangaro. Kafin a fasa mana hanyar mota, haka take cin awaki, wani lokaci har da mutum.

A lokacin akwai wani tsoho Nomau, mai noman rake a bakin rafi, da matarsa Ladidi. Ladidi in ta kama daka sai kwarin duk ya amsa: ta buga, ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe. Shi kuwa Nomau ga son barcin safe, ga mita.

Wata safiya ya ce, "Uwar Tanko, wannan daka ne ko yaƙi? Shekara da shekaru kin hana kunnena sakat."

"Au, haka ne? To Malam, daga yau ka huta."

Ta ɗora turminta a ka, ta haye gidan ƙanenta da ke kiwo a kan dutse. Nomau ya rantse gaban maƙwabta ba zai je biko ba. Sai ga shi barcin da yake nema ya ƙi zuwa. Kewa ta ishe shi, girman kai ya hana shi faɗa.

Rannan da azahar Ladidi ta ga hadari ya zube bayan dutse, ta jiyo rugugin ruwa yana tahowa. Ta leƙa ƙasa, ga tsohonta can cikin rafi, ɗan mitsitsi, yana saran rake da maƙwabta. Ta ƙwala kira, iska ta kwashe. In ta ce za ta gangara kuwa, ruwa zai riga ta. Sai ta jawo turmin nan wayam zuwa bakin dutse, ta shiga kirɓarsa iya ƙarfinta.

Nomau ya ɗaga kai. "Wannan hannun uwar Tanko ne." Ya ƙara kasa kunne. "Amma babu tafi! Tunda na aure ta ba ta taɓa daka babu tafi ba. Ba lafiya ba!"

Ya yar da adda ya kama hawa. Maƙwabta suka bi shi suna tsiya: "Malam Nomau, ina rantsuwar?" Ba su gama hayewa ba ruwa ya iso, ya share rake da adda da takalman Nomau.

Ya isa sama yana haki, ya tarar da ita tana daka tana kuka. Da ta gan shi ta share ido, ta ɓata rai.

"Malam, na dame ka ko?"

"Dame ni, uwar Tanko. Don Allah ki yi ta damuna har in mutu."

Ta bi shi gida, amma turmin aka bar shi a can.

Shi ya sa har yau, duk da wayoyin da kuke yawo da su, waɗanda ba sa kamawa a kwarin nan, in hadari ya zube bayan dutse, matan sama sukan ruga su daki turmin Ladidi. In kuna rafi kuka ji daka babu tafi, ku bar takalmanku ku hau tudu.