Rumbun Zanzaro da Shanun Laka

An yi wani Zanzaro a gefen daji, magini ne na gaske. In ya taɓa laka sai kowa ya tsaya kallo. Aibinsa ɗaya, ji da kai. Kusa da shi akwai wata tsohuwar Bushiya mai haƙuri, ba ta ƙware a komai ba, amma ba ta jin kunyar gwadawa. Sai kuma maƙwabciyarsu Zabuwa, uwar 'ya'ya rututu, wadda bakinta ba ya hutawa da mita.

Da aka ba da dogon hutu a makarantar 'ya'yan dabbobi, damina ta yi tsakiya, ciyawa na neman shanye gyaɗar Zabuwa. Ita kuwa ba halin zuwa gona, don ɗan zabo in ka ɗauke ido daga kansa, sai dai ka nemo shi a bakin rafi. In ta zauna gadin yara gona ta lalace, in gona ta lalace kuma bana ba abinci a gidan.

Wata safiya ta tsaya a ƙofar gida tana ta faɗa.

"Wai wa ya ƙirƙiro hutun nan ne? Tunau, sauko daga kan darni! Ladidi, me kike ci? Tofar da shi! Ni kam na shiga uku, gyaɗata za ta mutu ina kallo."

Zanzaro ya sauko daga bangonsa yana gyara tsayuwa. Ya ce, "Kawo su wurina in koya musu gini. Ki tafi gonarki, ko ɗaya ba zai motsa ba."

Bushiya ta leƙo daga gindin tsamiya ta ce, "In sun yi maka yawa, Malam, turo min wasu mu ɗan yi wasan laka."

Zanzaro ya ƙyalƙyale da dariya. "Ke, Gwaggo? Da wane hannun? Abin da kike ginawa ai sai kin faɗa wa mutum sunansa kafin ya gane."

"Haka ne kuwa," in ji Bushiya, ko a jikinta.

Zabuwa ta kora yaran gidan Zanzaro, ta saɓi fartanya ta tafi.

Zanzaro ya jera su a rana. "Kowa ya naɗe fikafikansa! Ba magana, ba taɓawa. Ku buɗe ido ku ga yadda ake aiki."

Ya fara gina tulu. Tulun kam ya yi kyau, ba ƙarya. Amma yaro ba gunki ba ne. Ladidi ta miƙa ƙafa ta ɗan yago laka.

"Ajiye!" Zanzaro ya daka mata tsawa. "Kin san wahalar da na sha kafin in kwaɓa ta? Za ki ɓata!"

"To yaushe za mu yi namu, Malam?" in ji Tunau.

"Sai kun iya."

"Yaushe za mu iya?"

"Rufe min baki!"

Kafin ya gama wuyan tulun, yara sun sulale ɗaya bayan ɗaya. Zabuwa ba ta yi nisa da noma ba aka je aka kira ta, wai an ga 'ya'yanta a bakin rafi. Ta yar da fartanya ta zo a guje, ranta a ɓace.

"Haba Malam! Wannan ne ko ɗaya ba zai motsa ba?"

"'Ya'yanki ne ba su da tarbiyya," in ji Zanzaro. "Ana nuna musu abin kirki suna hamma."

Washegari, da yake ba ta da wata dabara, ta sake kai su. Suka sake sulalewa, amma wannan karon ba su kai rafi ba, don a hanya suka tarar da Bushiya zaune a inuwar tsamiya, ta tara laka da karan bara da tsummoki.

"Gwaggo, me kike yi?" in ji Ladidi.

"Sa nake ginawa."

Yara suka fashe da dariya. "Wannan ai kwaɗo ne!"

"To ku zo ku gyara min, tunda kun fi ni ido."

Nan take suka dirar wa lakar. Wannan ya murza ƙafa, wancan ya yi tozo, aka tsinko ƙayar aduwa aka kafa ƙaho. Masu ƙyamar laka suka ɓare kara suka haɗa mota da tabarau. Ƙananan suka dunƙule tsumma suka ɗaure da igiyar rama, ƙwallo ta samu. Da suka gaji, Bushiya ta tara musu 'ya'yan tsamiya suka yi carafke. Shanun duk a karkace suke, motar kuma taya uku gare ta, amma har la'asar ko ɗaya bai tuna da rafi ba.

Zanzaro yana jin shewarsu daga gidansa, baƙin ciki kamar ya kashe shi.

"Shirme!" ya ce. "Zan gina abin da zai sa su dawo da ƙafarsu suna roƙona."

Ya duƙufa ya gina ɗan rumbu mai girman ƙwarya, da zane a jikinsa da 'yar ƙofa a gefe. Yara kuwa suka zo kallo, bakunansu duk laka.

"Kai! Malam, ya yi kyau!" in ji Tunau. "Bari in leƙa ciki."

"Kul! Matsa can da ƙazamin bakinka!"

Zanzaro ya shige ciki don ya shafe bangon, amma duk sanda ya juya sai ya ga ido a ƙofa. Haushi ya kama shi. Shi dama ɗabi'arsa ce, duk ɗakin da ya gina sai ya toshe bakinsa. Sai ya kwashi sauran lakar ya liƙe ƙofar ta ciki, ya ce, "Yanzu sai in ga ta inda za ku taɓa."

Yara suka koma wurin Bushiya. Rana ta buɗe, ta gasa rumbun nan har ya bushe ƙarau. Da Zanzaro ya gama shafe-shafensa ya tura ƙofa, sai ya ji ta kamar dutse. Ga shi bai shiga da ko ɗigon ruwa ba, ga zafi, ga numfashi na ƙarewa. Tsoro ya kama shi sosai.

"Jama'a! A taimaka! Gwaggo Bushiya!"

Ladidi ce ta fara jin ƙugin. Suka rugo gaba ɗaya, Bushiya na biye da su tana haki.

"A jiƙa ta!" in ji Tunau. "Lakata ma in ta bushe, ruwa nake sa mata."

Suka yi ta guntso ruwa a baki suna fesa wa ƙofar, wasu na saran ta, har rumbun ya tsage gida biyu. Zanzaro ya faɗo waje jiƙe sharkaf, fikafikansa sun manne da laka.

Da ya samu numfashi, abin da ya fara cewa shi ne, "Kun fasa min rumbu!"

"To mu mayar da kai mu liƙe, Malam?" in ji Ladidi.

Bushiya ta yi dariya har da hawaye. Kunya ta rufe Zanzaro, ya sunkuyar da kai ya ce, "A'a, 'yata. Na gode muku."

Suka kai shi inuwar tsamiya ya bushe. Yana zaune ya ga Tunau na fama da sansa na laka, ƙafar sai faɗuwa take. Ya kasa daurewa.

"Sa tsinke a cikin ƙafar. Kawo in yi ma..."

Bushiya ta yi gyaran murya. Zanzaro ya janye hannunsa.

"A'a, kai ka yi. Ina kallo."

Tunau ya soka tsinke, ya liƙa ƙafar. Ta ɗan karkace, amma san ya tsaya. Yaron ya daka tsalle yana ihu, Zanzaro kuwa ya ji wani daɗin da bai taɓa ji a kan nasa ginin ba.

Tun daga ranar, shi ke nuna dabara da baki, Bushiya na tara kara da tsumma, yara na yi da kansu. Zabuwa ta nome gyaɗarta tsaf, ba wanda ya sake kiran ta. Ranar da ta gama, ta dawo da wuri tana murna.

"Ku taso mu tafi gida, na gama noma!"

Ko ɗaya bai ɗago kai ba. Ladidi ta ce, "Inna, ki ɗan koma gonar mana. Mu ba mu gama ba."

Darasin wannan labari shi ne, yaro ba ya zama wuri ɗaya don an nuna masa gwaninta, sai in an sa masa aikin a hannunsa. In hutu ya zo, a ba yara laka da kara da tsumma, a bar su su ɓata su gyara. Mai ilimin da ya hana kowa taɓa abin da ya iya kuwa, kansa yake toshe wa ƙofa.